Alhakin Zubar Da Ciki Yana Wuyan Wa?

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis ya san saniya mai ciki da juya ba kuɗinsu ɗaya ba. Dillali yakan shafa cikinta, ya dubi hantsarta, sa'an nan ya ƙara kuɗi a kan abin da babu wanda ya gan shi da ido. Amma da wani zai ce a sayar masa da ɗan da ke ciki kawai, a bar wa mai ita uwar, sai malami ya ce wannan ciniki ɓatacce ne, domin Shari'a ta hana sayar da abin da ke cikin cikin dabba shi kaɗai. Watau abin nan yana da daraja, amma bai zama mai zaman kansa ba tukuna; yana jikin uwa, amma kuma ba gaɓa ba ce daga cikin gaɓoɓinta. To, in har al'amari ya kai haka a kan dabbar da ake saye da sayarwa, ina ga ɗan Adam wanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya girmama?

Maganar zubar da ciki magana ce da ba a yin ta a zaure. Ana yin ta a ƙuryar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, tsakanin uwa da 'ya, ko tsakanin mace da aminiyarta, shi ya sa mutane da yawa a ƙasar Gumel suke zaton cutar birane ce, ta Ikko da Fatakwal, wadda ba ta san hanyar Gagarawa ko Sule Tankarkar ba. Alhali kuwa harshen Hausa da kansa shaida ne cewa abin ba baƙo ba ne. Bahaushe ya raba tsakanin ɓari, wanda yake zuwa daga Allah, da zubarwa, wadda hannun mutum yake ciki. Ba a yi wa abu suna sai an san shi.

Tushen maganar wajen malamai shi ne bayanin da Alƙur'ani mai girma ya yi a cikin Suratul Muminuna da Suratul Hajji, cewa halittar mutum a mahaifa hawa-hawa ce: ɗigon ruwa, sa'an nan gudan jini, sa'an nan tsoka, sa'an nan ƙashi da nama, daga baya ya zama wata halitta dabam. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, wanda kuma shi ne na 4 a cikin Arba'una Hadisi da kowane almajiri ya sani, ya ba kowane hawa na farko kwana 40, har uku, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan aka sami lissafin kwana 120, watau wata huɗu. Bayan wannan lokaci babu saɓani tsakanin mazhabobi: taɓa abin da ke ciki ba tare da larura ba taɓa rai ne.

Saɓanin yana kafin wannan lokaci, kuma ya kamata mai karatu ya san da shi, don kada ya ɗauka duk wanda ya faɗi wata magana dabam ya fita daga addini. Malaman Hanafiyya da yawa sun yi rangwame kafin busa rai idan akwai uzuri, misalin da suka bayar kuwa shi ne mai goyo wadda ciki ya sa nononta ya ƙafe, uban kuma ba shi da halin ɗaukar mai shayarwa, ana jin tsoron ɗan goyon ya halaka. Hambaliyya sun tsaya a kwana 40 na farko. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki wata hanya mai zurfi a cikin Ihya'u: ya ce laifi ne tun daga lokacin da ruwa ya zauna a mahaifa ya shirya karɓar rai, sai dai laifin yana ƙaruwa kamar yadda halittar take ƙaruwa, na gudan jini ya fi na ruwa, na bayan busa rai ya fi duka. A wurinsa ba a tambayar ko mutum ne ko ba mutum ba ne kawai, abin da ake dubawa shi ne yawan nisan da tafiya ta yi kafin a katse ta.

Amma mazhabar da ake karantawa a zaurukan Gumel, tun zamanin da sarakunan Mangawa suke kai gaisuwa Borno, ita ce ta Imamu Malik, kuma ita ce mafi tsanani a wannan babi. Shaihu Dardir, mai sharhin Muhtasar, wanda ya rasu a Masar a 1786, ya tabbatar da cewa bai halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko da bai kai kwana 40 ba. Lahami, wani babban malamin Malikiyya na ƙasar Tunis, ya halatta a cikin kwana 40 na farko, sai dai maganarsa ba ita ce aka dogara a kanta ba. Saboda haka alƙalin Gumel na da, in aka kawo masa irin wannan ƙara, ba ya tsayawa ƙidayar kwanaki. Abin da zai bincika shi ne ko abin da ya faɗo ɗa ne ko jinin banza, kuma littattafai sun ba shi ma'auni: gudan jinin da aka zuba wa ruwan zafi bai narke ba, to, farkon halitta ne, yana da hukunci.

Hukuncin nan shi ake kira gurra. Asalinsa wasu mata biyu ne na ƙabilar Huzailu da suka yi faɗa, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse, cikinta ya zube, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a biya bawa ko baiwa. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da mai Risala a bayansa, sun ƙimanta wannan da dinari 50 ko dirhami 600, watau ushirin diyyar uwar. Wasu malamai sun lissafa shi da raƙuma biyar, tun da cikakkiyar diyya raƙuma ɗari ce, kuma wanda ya san kuɗin raƙumi ɗaya a Maigatari zai gane ba ƙaramin abu ba ne. Wani abin lura a nan shi ne, gurra ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta uba ba ce shi kaɗai. Ana raba ta rabon gado, kamar dukiyar wanda ya mutu ya bari, wanda ya yi sanadin zubewar kuma ba ya cin ko anini a ciki, ko da shi ne uban, ko da ita ce uwar. Shari'a ta ba abin da ke ciki magada tun bai ga hasken duniya ba. Amma kuma ba ta daidaita shi da wanda aka haifa ba, domin da ya faɗo da rai ya yi kuka sa'an nan ya mutu, da cikakkiyar diyya ake magana. Wannan matsayi na tsaka-tsaki shi ne mutanen zamani, masu goyon baya da masu hani, suke yawan tsallakewa.

Turawa sun shigo da wani ma'auni dabam. Gumel ta shiga hannunsu a 1903, a 1904 kuma gwamnatin Lugga ta kafa dokar laifuka wadda aka kwaikwayo daga ta Kwinsilan ta ƙasar Ostareliya, wadda ita ma ruhinta a wannan babi na dokar Ingila ne ta 1861. Sai dai kotunan alƙalai na En'e sun ci gaba da hukunci da fiƙihun Malikiyya har gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira wani kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka fito da Pinal Kod a 1959, ta fara aiki a 1960. Tsatsonta daga dokar Sudan ne, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 232 ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya sa mace ta zubar da ciki da gangan, sai fa in ya yi da kyakkyawar niyya don ceton ranta. Dokar ba ta san kwana 40 ba, ba ta san 120 ba, ba ta kuma san magada ba. Haƙƙin da yake na iyali ya koma na hukuma. Wannan doka Jihar Kano ta gada, Jigawa kuma ta gaje ta da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Ita kuwa Ingila da ta kawo tsaurin, ta sassauta wa kanta a 1967. Kotun Ƙoli ta Amurka ta mai da abin haƙƙin mace a 1973, ta sake warware hukuncin a 2022 ta mayar wa jihohi, bayan kusan shekara 50 ana ja-in-ja. Daga ƙasashen Musulmi, Tunis ta buɗe ƙofa a 1973, Turkiyya a 1983. Iskar ta iso Nijeriya a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sa'ad da ƙungiyar likitocin mata ta kai shirin doka gaban Majalisar Wakilai, wanda zai ba da dama idan likita biyu sun shaida akwai haɗari ga lafiyar uwa ko mummunar nakasa ga ɗa. Shugabannin addini, Musulmi da Kirista, suka tashi, Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa ita ma ta ƙi, shirin ya faɗi. Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya sake tayar da maganar a farkon shekarun 1990, ba ta kai ko'ina ba. A 2004 Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka, wadda ta nemi a ba da dama idan an yi fyaɗe ko lafiyar uwa tana cikin haɗari, amma Majalisa ba ta mai da ita dokar cikin gida ba. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin aiki ga likitoci a 2022, ba a yi wata guda ba ta janye su saboda kukan jama'a. A ƙetaren iyaka kuwa, inda dangin mutanen Maigatari suke, Majalisar Nijar ta ƙi amincewa da Maputo a 2006, amma a shekarar nan ɗin ta yi dokar lafiyar haihuwa wadda ta ba da dama idan rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko ɗan yana ɗauke da cuta mai tsanani. Iyali guda, mazhaba guda, doka biyu.

Da aka dawo da Shari'a a fannin laifuka, Zamfara a gaba, Jigawa a 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, sai gurra ta koma cikin littafin doka: kundin Zamfara, wanda jihohi suka yi koyi da shi, ya ambace ta da sunanta. Amma wani abu ya biyo baya wanda ya taɓa wannan magana ta bayan gida. A mazhabar Malikiyya bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce ta zina. Da wannan aka yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa a Jihar Sakkwato a 2001, da Amina Lawal a Jihar Katsina a 2002. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a sun sallame su, Safiya a 2002, Amina a 2003, kuma cikin hujjojin da aka kawo a shari'ar Amina har da kwantaccen ciki, wanda malaman Malikiyya suka yarda zai iya kai shekara biyar, a danganta shi ga tsohon miji. Masu ilmin likita suna murmushi in sun ji wannan. Amma mai hankali zai ga abin da magabata suka nufa da shi: ƙofa ce suka bari a buɗe, don ɗa ya sami uba, uwa ta sami mafita, kada tsoro ya kai ta ga halaka abin da take ɗauke da shi. Mazhabar da ta fi kowace tsanani wajen hana zubarwa ita ce kuma ta fi kowace faɗaɗa uzuri ga mai ciki, kuma ba a ɗaukar rabi a bar rabi.

Masu kiran 'yanci suna cewa jikin mace nata ne, ita ke ɗaukar nauyi, ita ke zubar da jini, ita ke mutuwa in abin ya ɓaci, don haka magana tata ce. Akwai gaskiya a cikin wannan wadda bai kamata a raina ba, musamman daga bakin maza waɗanda ba su taɓa kwana a kan gwiwa ba. Inda Musulmi ya rabu da su shi ne a kan kalmar mallaka. A wurinsa jiki amana ne, mutum ba shi da ikon yanke yatsansa don ya ga dama, balle abin da yake da magada tun yana ciki. Sai dai amana tana da fuska biyu. In jikin mace amana ne a hannunta, to, ita kanta amana ce a hannun mijinta, da waliyyinta, da likita, da hukuma, kuma wanda ya tsaya a kan fuska ta farko ya manta ta biyu bai gama karanta babin ba.

Shi ya sa malamai ba su yi jinkiri ba a kan larura. Idan likita amintacce ya tabbatar cewa ci gaba da cikin zai kashe uwar, ana ceton ta ko bayan busa rai, domin rayuwarta tabbatacciya ce, tasa kuwa ana sa rai ne, kuma ita ce tushe, shi reshe. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ƙara a 1990 cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa wadda ba ta da magani, iyaye suna iya neman a cire kafin kwana 120. Wasu manyan malamai kuma, bayan abin da ya sami matan Bosniya a yaƙin 1992 zuwa 1995, sun yi rangwame ga wadda aka yi wa fyaɗe a kwanakin farko, ko da yake dokar Nijeriya ba ta san wannan uzuri ba. Mijin da likita ya ce masa sai an cire, ya tsaya yana cewa shi ba zai sa hannu a kisan kai ba har matar ta cika, bai yi taƙawa ba, jahilci ya yi.

To, doka ta hana, malamai sun hana, shin abin ya tsaya? Binciken da Cibiyar Guttmacher ta yi tare da masana na Nijeriya ya ƙiyasta cewa a 2012 an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a ƙasar, watau 33 cikin kowace mace 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, kuma Arewa maso Yamma ba ta yi nisa da wannan ba, tana da 31. Mata kimanin 212,000 aka yi wa jiyya saboda illar da ta biyo baya. A nan Jigawa, wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a wani asibiti da ƙungiyar likitocin MSF take taimaka wa, ya duba mata 520 da aka kwantar saboda zubewar ciki, ko ɓari ko zubarwa, aka tarar kusan biyu cikin uku sun iso ne cikin mawuyacin hali.

Su wane ne waɗannan mata? Zato yakan tafi ga karuwai da 'yan makaranta, amma a ƙauye akwai matar aure mai goyon wata biyar wadda ta ga ba ta ga al'ada ba, ta san gobe kishiya da uwar miji za su yi ta yi mata habaicin kwanika, a ce ta kasa haƙuri ta lalata nonon yaro. Kunyar nan ita ke kai ta wajen mai jiƙe-jiƙe ko mai kemis. Alhali kuwa ya tabbata a Muwaɗɗa da Muslimu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Abin da addini bai mai da shi laifi ba, al'ada ta mai da shi abin kunya, har ya haifi abin da addini ya haramta. Malikiyya kuma sun halatta azalu da yardar matar, wanda a kansa malaman zamani suka gina halaccin tazarar haihuwa tsakanin ma'aurata. Hana shiga dabam, fitarwa dabam, Gazali da kansa ya raba su.

Sa'an nan akwai yarinya mai talla wadda wani babba ya yaudara ko ya fi ƙarfinta. Shi yana nan a majalisa da babbar riga, in an tambaye shi ya rantse ya tafi, domin shi ciki ba ya fitowa a jikinsa. Wanda ke ba da kuɗin zubarwa sau da yawa shi ne, wanda ke riƙe ta a kai ta sau da yawa uwa ce ko goggo, don gudun abin da za a faɗa ranar suna. Imamu Malik ya ɗora wa mai fyaɗe sadakin irinta bayan haddi, ita kuwa babu komai a kanta. Matar Gamidiyya da ta zo da kanta ta yi iƙirari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mayar da ita ya yi har ta haihu, har ta yaye, aka danƙa yaron ga wani Musulmi ya rene shi. Ba a kira yaron da sunan da ake kiran irinsa a yau ba, sunan da yake bin mutum har ranar neman aurensa.

Malamai sun kawo labarin wata mace da Sayyidina Umaru ya aika a kira saboda wata magana da aka yi a kanta. Tsoro ya kama ta a hanya, cikinta ya zube. Umaru ya shawarci Sahabbai, wasu suka ce babu komai a kansa tun da shugaba ne mai ladabtarwa, amma Sayyidina Aliyu ya ce diyya tana kansa, domin shi ya firgita ta, Umaru kuwa ya karɓa. Bai taɓa ta da hannu ba, bai ba ta magani ba, firgitarwa kawai ya yi. In aka auna da wannan, uban da ya rantse zai kashe 'yarsa in ya ji labari, da mijin da ya ce in ta sake ciki a bakin aurenta, da matan unguwa masu habaici a bakin rijiya, kowannensu yana da abin da zai amsa, ko da Sashe na 232 bai san sunansa ba.

Firgitarwar nan ba ta tsaya a gida ba, tana bin mace har ƙofar asibiti. Wadda jini ya ɓalle mata a wani ƙauye na Sule Tankarkar, ko ɓari ne daga Allah ko wani abu ta sha, takan ɓoye kwana biyu ko uku don tsoron tambaya, sa'an nan a jira mai gida ya dawo daga gona ko kasuwa ya ba da izini, sa'an nan a nemi amalanke ko babur da zai ratsa yashi zuwa bakin titi, sa'an nan a isa Gumel a shiga neman wanda zai ba da jini. Babu dokar Nijeriya da ta hana yi mata magani, babu kuma mazhabar da ta ce a tsaya binciken yadda aka yi kafin a tsai da jinin. Ma'aikaciyar jiyya ba alƙali ba ce, ɗan'uwan da aka nema ya ba da jini shi ma ba a ɗora masa sanin asalin cikin ba.